Hukuncin Haɗa Magariba da Isha'i ga Ma'aikaciya a Ingila

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Kano na zo Manchesta, ina aiki a gidan kula da tsofaffi, ƙarfe 7 na safe nake kama aiki. A watan Yuni sai bayan 9:30 na dare rana ke faɗuwa, Isha'i ta yi nisa ƙwarai, ga Asuba kusa. Rashin barci ya fara taɓa aikina. Ya halatta in haɗa Magariba da Isha'i?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara miki riƙo da addini, 'yar'uwa.

Asali kowace salla a lokacinta ake yin ta, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 103. Lokacin Isha'i kuwa, a wurin Imam Malik, yana shiga ne da ɓacewar jan shafaƙi. A ƙasashen da suka yi arewa sosai, shafaƙin kan jima bai ɓace ba a lokacin zafi, wani wurin ma har ya riski alfijir.

Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya haɗa Azahar da La'asar, da Magariba da Isha'i, a Madina, ba don tsoro ko ruwan sama ba. Da aka tambayi Ibn Abbas dalili, sai ya ce don kada ya ƙuntata wa al'ummarsa. Mashhurin mazhabarmu ya taƙaita haɗawa ga uzurori sanannu kamar tafiya, ruwan sama da rashin lafiya. Amma Ashhab, almajirin Malik, da Ibn Sirin sun halatta ta saboda buƙata, matuƙar ba a mai da ita al'ada ba. Majalisar Fatawa ta Turai, wadda aka kafa a 1997, ita ma ta yi fatawa da haka.

Wannan ra'ayi na rinjayar a halinki. Ke rayukan mutane ne a hannunki. Idan gyangyaɗi ya sa kika ba tsoho maganin da ba nasa ba, cutarwar ba ƙarama ba ce. Saboda haka daren da za ki wayi gari da aiki, ki yi Magariba raka'a uku, ki bi ta da Isha'i raka'a huɗu cikakku, don ke mazauniya ce, babu ƙasaru a kanki. Idan gobe hutunki ne, ko dare ya ƙara tsawo daga watan Agusta, ki mayar da kowace salla lokacinta bisa jadawalin masallacin unguwarku.

Wallahu a'alamu.