Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Buddy Guy Ya Cika Kundinsa da Waƙoƙin Wasu?

TAMBAYA: Na daɗe ina sauraron kiɗan blues na baƙaƙen fatar Amurka, kuma kwanan nan na ci karo da kundin Buddy Guy mai suna Bring 'Em In. Da na duba, sai na tarar yawancin waƙoƙin da ke ciki ba nasa ba ne, na mawaƙan soul ne na da, sannan ya gayyato baƙi irin su Carlos Santana da John Mayer da Tracy Chapman. Shin basira ce ta ƙare wa dattijon, ko kuwa neman kasuwa ne kawai? Wannan bai zama satar fasaha ba? Kuma har yanzu za a iya kiran abin da ya yi blues?

AMSA: Zan fara da batun sata, domin shi ne mafi sauƙin warwarewa. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka, tun daga shekarar 1909, ta tanadi cewa da zarar an fitar da waƙa a faifai da yardar mai ita, kowane mawaƙi yana da damar sake rera ta ya sayar, muddin zai biya marubucinta kuɗin da hukuma ta ƙayyade a kan kowane kwafi. A shekarar 2005 da wannan kundi ya fito, kuɗin senti 8.5 ne na dalar Amurka a kan waƙar da ba ta wuce minti biyar ba, kuma ya ƙaru zuwa senti 9.1 a farkon 2006. Marubucin waƙar da kamfanin da ke kula da haƙƙinsa ne suke karɓar wannan kuɗi, wanda ya fara rera ta kuwa ba ya samun komai idan ba shi ya rubuta ba. Saboda haka duk kwafin da aka sayar ya kai wani abu aljihun Bill Withers da Bob Dylan, da kuma masu riƙe da haƙƙin Otis Redding da Curtis Mayfield, kuma an rubuta sunayensu a jikin kundin ƙarara. Satar da ta daɗe tana damun masu blues wata ce daban, wato a ɗauki karin waƙar mutum ko baitinsa a laƙa mata sunan wani, kamar yadda ya faru har Willie Dixon ya kai ƙungiyar Led Zeppelin ƙara a 1985, daga baya aka sasanta a wajen kotu.

Batun ƙarewar basira kuma, tarihin mutumin ne zai amsa shi. An haifi George Guy, wanda duniya ta sani da Buddy, ranar 30 ga Yulin 1936 a Lettsworth da ke jihar Luwiziyana, ɗan manoman da ke noma gonar wani a raba amfani. Ya isa Shikago a 1957, kuma ya shafe mafi yawan shekarun 1960 a kamfanin Chess, inda babban aikinsa shi ne kaɗa jita a bayan manya irin su Muddy Waters da Howlin' Wolf da Koko Taylor. Mai kamfanin, Leonard Chess, bai yarda ya naɗi irin kiɗan da Guy yake yi a gidajen rawa da dare ba, mai ƙara da tsawa da karce, domin a kunnensa hayaniya ce kawai. Ga wanda ya tashi a wannan makaranta, ɗaukar waƙar wani a sāke mata kama shi ne sana'ar kanta, domin a al'adar blues baiti da kari suna yawo daga baki zuwa baki, kuma abin da ake auna gwani da shi shi ne yadda ya murɗa abin da ya tarar. Guy ya rubuta waƙoƙi, amma sunansa bai taɓa dogara a kan alƙalami ba. A kan yatsunsa da maƙogwaronsa ya dogara. Sannan bayan Bring 'Em In ya koma fitar da sababbin waƙoƙi tare da furodusa Tom Hambridge, tun daga Skin Deep a 2008, kuma kundayensa na 2010 da 2015 da 2018 duk sun ci kyautar Grammy, babbar lambar yabon kiɗa ta Amurka. Wanda rijiyarsa ta ƙafe yana da shekara 69 ba zai ci gaba da cin irin wannan kyauta bayan ya haura 80 ba.

Inda mai tambaya ya yi gaskiya shi ne batun kasuwa, kuma babu amfanin ɓoye shi. Gidajen rediyon Amurka masu yawan masu sauraro sun daɗe da daina sanya tsofaffin masu blues, don haka kamfanoni suka gano cewa hanyar da za a kai dattijo kunnen matasa ita ce a haɗa shi da sunayen da rediyo ke so. John Lee Hooker ne ya nuna wa kowa cewa dabarar tana aiki, da kundin The Healer na 1989 wanda Santana da Bonnie Raitt da Robert Cray suka shiga, har ya samu Grammy ɗinsa na farko bayan shekaru kusan 40 yana naɗar faifai. Shi kansa Guy ta wannan ƙofa ya dawo: bayan dogon lokaci ba shi da kwantiragi da wani babban kamfani a Amurka, Silvertone ta fitar masa da Damn Right, I've Got the Blues a 1991, da Eric Clapton da Jeff Beck da Mark Knopfler a ciki. B.B. King ya yi irin haka da Deuces Wild a 1997, Santana ya mamaye kasuwa da Supernatural a 1999, kuma a Fabrairun 2005 kundin Ray Charles na haɗaka da baƙi ya lashe kyautar Grammy ta kundin shekara. A wannan shekarar ce dai aka shigar da Guy zauren karrama gwanayen kiɗan rock da ke Cleveland, kuma B.B. King da Clapton ne suka gabatar da shi. Duk kamfanin da ke riƙe da mawaƙi a irin wannan lokaci zai so ya bugi ƙarfe da zafinsa, kuma sunan kundin ma, wanda ke nufin a shigo da su, bai ɓoye manufar ba.

Sai dai abin da ya fi muhimmanci a wannan kundi, a ganina, shi ne zaɓen waƙoƙin, kuma a nan ya kamata mai sauraro ya daɗe. Blues na gargajiya yana tafiya ne a kan zagaye mai gaɓa 12 da haɗin sauti uku, inda mawaƙi zai faɗi layi, ya maimaita shi, ya kawo na uku da zai rufe magana, kuma bayan kowane layi akwai fili da aka bar wa jita ta amsa. Mai jita irin Guy yana iya ɓuya a cikin wannan fili, ya ja tsirkiya da yatsa har sautin ya yi kuka, ya yi shiru, ya sake fashewa, jama'a su yi ta ihu ko da muryarsa ba ta yi wani aiki ba. Waƙar soul ba ta ba da wannan mafaka. Daga cocin baƙaƙen fata ta fito, an gina ta ne domin murya, tana da baiti da amshi da gada a tsakiya, kuma guraben da jita za ta cike a blues, a nan masu busa ne suke cike su. Wanda ya ɗauki waƙar Otis Redding ko Wilson Pickett ya san cewa masu sauraro suna ɗauke da muryar asali a kunnensu, kuma da ita za su auna shi tun daga layin farko.

Da yawa daga abin da Guy ya ɗebo daga rumbun birnin Memfis ne, musamman kamfanin Stax wanda ya durƙushe a 1975: akwai waƙar da Pickett ya fitar a 1966 wadda ya rubuta tare da Steve Cropper da Eddie Floyd, akwai Cheaper to Keep Her ta Johnnie Taylor ta 1973, akwai Do Your Thing ta Isaac Hayes ta 1971. Waɗannan ba baƙin waƙoƙi ba ne a wurinsa, domin duk mai kiɗa a gidajen rawa na kudancin Shikago da yammacinta a wancan zamani dole ya iya waƙoƙin da ke tashe a rediyo, in ba haka ba mai gida ya sallame shi. Kundin ya buɗe da Now You're Gone ta Curtis Mayfield, ɗan Shikago, kuma a nan ne ake jin abin da mutane da dama suka manta, wato Guy mawaƙi ne na gaske. Yana siranta murya ya kai ta sama inda take rawa kamar za ta tsinke, sannan ya sauko da ita zuwa gurnani a cikin numfashi guda, jitar kuma tana biye da ita tana ƙarasa abin da bakin ya fara. Wannan waƙa ba ta da baƙo ko ɗaya, kuma ina sanya ta cikin mafi ƙarfi a kundin.

Furodusan aikin shi ne Steve Jordan, makaɗin ganga wanda ya daɗe yana aiki da Keith Richards, mai jitar ƙungiyar Rolling Stones, wanda kuma a 2005 ɗin yake kaɗa wa John Mayer a ƙungiyarsu ta mutum uku, daga baya ya gaji kujerar Charlie Watts a Rolling Stones a 2021. Sanin haka yana haska dalilin da ya sa Richards da Mayer suka bayyana a kundin, kuma yana bayyana yadda kiɗan ya zauna daram, ganga da jitar bas suna riƙe da ƙasa ba tare da ado mai yawa ba.

Game da baƙin, ma'aunin da nake amfani da shi ɗaya ne: shin baƙon yana sauraron mai gida, ko kuwa jiran lokacinsa kawai yake yi? Aikin baƙo a irin wannan kundi ya yi kama da na ɗan amshi a gaban makaɗi, wanda darajarsa ita ce ya karɓa a daidai gaɓa ya mayar, ba ya nemi rinjayar ubangidansa ba. Da wannan ma'auni, Tracy Chapman ta fi kowa dacewa. A Ain't No Sunshine, wadda Bill Withers ya fitar a 1971, muryarta mai kauri da natsuwa tana tsayawa wuri ɗaya yayin da ta Guy ke hawa da sauka, kuma bambancin ya mayar da waƙar mutum guda mai kaɗaici ta zama zance tsakanin mutum biyu. Ita ma ba baƙuwar blues ba ce, domin waƙarta Give Me One Reason ta 1995 a kan zagayen gaɓa 12 aka gina ta. John Mayer, wanda Guy ya girme shi da shekara 41, ya shiga I've Got Dreams to Remember, waƙar da ta fito a 1968 bayan Otis Redding ya rasu a haɗarin jirgin sama a Disamban 1967. Muryarsa ba ta da nauyin da waƙar ke buƙata, amma ya san haka, bai yi ƙoƙarin kwaikwayon Redding ba, ya bar wa dattijon wuraren da ke da zafi.

Santana kuwa nasa lamarin daban ne. Sautin jitarsa yana da tambari mai ƙarfi ƙwarai, ta yadda da ya taɓa tsirkiya sai waƙa ta karkata zuwa gidansa, kuma haka ta faru da I Put a Spell on You ta Screamin' Jay Hawkins ta 1956. Akwai daɗin ji, gwanaye biyu suna musayar wuta, amma a waɗannan mintuna Guy ne ya zama kamar baƙo a kundinsa. Lay Lady Lay ta Bob Dylan ta 1969, wadda Anthony Hamilton da Robert Randolph suka shiga, za ta iya ba mai tambaya mamaki a cikin jerin waƙoƙin soul, sai dai ƙungiyar Isley Brothers ta riga ta shigar da ita wannan gida tun 1971. Duk da haka ina ganin an tara mata mutane fiye da yadda take iya ɗauka. Keith Richards ya yi abin da ya saba, ya zauna a baya yana riƙe da kari, har mai sauraro yana iya wucewa bai lura da shi ba sai ya duba sunaye.

A kan ko wannan blues ne, amsar ta dogara da abin da ake dubawa. Idan tsarin waƙa ake nufi, akasarin kundin soul ne, kuma masu ra'ayin riƙau da suka ƙi shi a kan haka suna da hujjarsu. Idan kuwa yadda ake furta sauti ake nufi, wato lanƙwasa shi tsakanin matakai biyu, da jinkirta kalma ta faɗo a bayan bugun ganga, da barin jita ta amsa wa murya, to Guy bai bar blues ko na minti ɗaya ba. Iyakar da ke tsakanin nau'o'in biyu ma shagunan faifai da gidajen rediyo ne suka fi ƙarfafa ta, domin Albert King, ɗaya daga cikin manyan masu jitar blues, a Stax ya naɗi fitaccen kundinsa na 1967, da makaɗan da suke yi wa Otis Redding kiɗa.

Shawarata ga mai tambaya ita ce ya saurari kowace waƙa ta asali tukuna, sannan ya saurari ta Guy nan take, ya lura da inda ya ja layi ya tsawaita da inda ya yanke shi, da kuma wuraren da ya ajiye jita ya bar murya ita kaɗai. Bring 'Em In ba shi ne ƙololuwar aikinsa ba, kuma ba da shi zan fara gabatar da shi ga sabon mai sauraro ba. Wanda yake son jin Guy ba tare da taron baƙi ba, ya nemi Hoodoo Man Blues da ya yi da Junior Wells a 1965, da A Man and the Blues na 1968, da kuma Sweet Tea na 2001 wanda aka naɗa a garin Oxford na jihar Misisipi. Shi ma Sweet Tea ɗin akasarinsa waƙoƙin wasu ne, musamman na Junior Kimbrough, kuma masu sukar kiɗa da dama suna lissafa shi cikin mafi ingancin abin da ya taɓa naɗa.