Kwamfuta ɗaya ta isa ɗaukar sabar wasa huɗu, amma wa zai biya kuɗin wuta?

Tambayar wannan makon ta fito daga wani matashi mai gidan wasan kwamfuta a Kano, kusa da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. Ga ta a taƙaice: "Ina da kwamfutoci takwas da yara ke biya su yi wasa. Wasu ɗalibai sun roƙe ni in kafa musu saba ta wasannin dabara irin su OpenTTD, Freeciv da Mindustry, wadda za ta riƙa aiki dare da rana, su shiga daga shago ko daga ɗakunan kwanansu, su kuma riƙa biyana duk wata. Mai sayar mini da kaya ya ce kowane wasa sai an saya masa kwamfutarsa daban. Na tara naira 900,000. In sayi guda uku?"

Ƙanena, Allah ya yi wa neman albarka. Kada ka sayi uku. Guda ɗaya ta ishe ka, kuma ba sai sabuwa ba. Na fara da wannan ne don ka mayar da kuɗinka aljihu tukuna, sannan mu zauna a kan abin da zai iya cinye maka riba, domin ba a nan matsalar take ba.

Sabar wasa ba wata na'ura ce ta musamman ba. Manhaja ce da ke zaune tana riƙe da taswira, tana karɓar umarnin 'yan wasa, tana sanar da kowa abin da ya faru. Ba ta zana hoto, don haka ba ta buƙatar katin hoton nan mai tsada da kwamfutocin wasa suke buƙata, ko allo ma ba sai an jona mata ba. Abin da zai sa huɗu su zauna a kwamfuta ɗaya ba tare da rikici ba shi ne kowace ta samu lambar ƙofarta. Kamar gidan shaguna ne a Kantin Kwari: sunan gida ɗaya ne, amma kowane ɗan kasuwa da lambar shagonsa, mai neman lamba 12 ba zai faɗa lamba 13 ba. Adireshin kwamfutar shi ne gidan, lambar ƙofa ita ce shagon. Kowane wasa yana zuwa da tasa tun daga masu ƙirƙirarsa: OpenTTD 3979, Freeciv 5556, Mindustry 6567, Battle for Wesnoth 15000, Factorio 34197. Ka ga ke nan wasanni daban-daban ba sa ma karo da juna. Sai idan kana son saba biyu na wasa iri ɗaya, misali OpenTTD ta 'yan koyo da ta gwanaye, sannan za ka bar ta farko a 3979 ka ba ta biyu 3980.

Bayan lambar ƙofa, kowace saba ka ware mata foldarta, inda saitinta da ajiyar wasanta za su zauna. Wannan shi ne wurin da mutane suka fi yin sake. Idan biyu suna ajiya a wuri ɗaya, wata rana ɗaya za ta rubuta a kan ta ɗayar, kuma garin da yara suka shafe wata guda suna ginawa ya tafi ke nan. Wanda ya rasa wasan wata guda ba ya sake biya.

Ka je Farm Centre ko Beirut Road ka nemi kwamfutar ofis ta hannu, irin su Dell OptiPlex ko HP EliteDesk, mai Core i5, RAM gigabait 16, da ma'ajiyar SSD. Wajen zaɓen furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar da ke da sassan aiki da ake kira ƙwaya, ka san cewa OpenTTD da Factorio suna ɗora mafi yawan nauyinsu a kan ƙwaya ɗaya ce, don haka furosesa mai ƙwaya huɗu ko shida masu sauri ya fi maka amfani a kan tsohuwar sabar kamfani mai ƙwaya ashirin masu nawa, wadda ga ƙara ga cin wuta. Ka ɗauka kowace saba mai cike da mutane tana son ƙwaya ɗaya, ka bar ɗaya don sauran hidimar na'ura. Freeciv wasan karɓa-karɓa ne, kowa ya yi nasa a jira zagaye, nauyinsa kaɗan ne ƙwarai. Mindustry yana gudana ne a kan manhajar Java, yana son RAM sosai. OpenTTD kuwa nauyinsa ya danganta da girman taswira da yawan jiragen ƙasa da motocin da aka zuba. Wasan yana yarda da taswira har 4096 sau 4096, amma kada ka biye wa ɗalibai a nan. Ka tsaya a 512 ko 1024, domin duk wanda zai shiga sai ya fara sauko da taswirar daga wajenka, kuma datarka ce ke tafiya.

Ka sa wa kwamfutar Ubuntu Server, babbar manhaja ce mai tafiyar da na'ura kamar Windows, kuma kyauta ce. A cikinta akwai systemd, wanda za a gaya wa ya tayar da kowace saba da kansa idan wuta ta dawo ko idan ɗaya ta faɗi. Cikin ɗaliban nan da suka kawo maganar, ba za a rasa mai karanta kimiyyar kwamfuta da zai haɗa maka wannan a yini ɗaya ba. Ka biya shi ladan aikinsa, amma kalmar sirrin shiga ta zauna a hannunka, ka kuma sa ya rubuta maka a takarda yadda ake kashewa da kunnawa. Ɗalibi yana gama karatu ya tafi bautar ƙasa, shagon kuwa naka ne. Ka tuna kuma, OpenTTD da Factorio ba sa barin mutum ya shiga sai sigar wasansa ta yi daidai da ta saba, saboda haka ranar da za ka sabunta, ka sanar da kowa tun da wuri.

To, yanzu ga inda kuɗin yake zurarewa.

Na farko wuta. Saba da ake biya dominta dole ta kwana a kunne. A ce ƙaramar kwamfutar tana jan wat 40 a matsakaici: sau awa 24, sau kwana 30, ya kama yunit 29 a wata. A farashin naira 225 kan yunit da hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta sanya wa 'yan rukunin A, masu samun wuta mafi yawan awanni, a watan Afrilun 2024, kusan naira 6,500 ke nan. Wannan ba ya da yawa. Abin tsoro shi ne awannin da babu wutar. Kunna janareta da tsakar dare saboda kwamfuta ɗaya asara ce tsantsa, man da za ka ƙona a mako zai iya haɗiye kuɗin watan gaba ɗaya. Don haka wani kaso na kuɗin da ka yi niyyar sayen kwamfutoci biyu da shi, ka karkatar da shi ga ƙaramar inbata, batir mai kyau da faifan sola, waɗanda za su riƙe sabar da rauta, wato na'urar da ke raba intanet, su kaɗai. Idan abin ya yi maka nauyi a yanzu, tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka mai lafiyayyen batir za ta iya ɗaukar saba biyu ko uku marasa nauyi, kuma ba ta mutuwa nan take idan an ɗauke wuta. Akwai wani sauƙi ma: ana iya saita OpenTTD ya dakata idan babu kowa a ciki, Factorio kuma haka yake yi tun asali, sai na'urar ta huta. Ka ɗora ta a kan tebur inda iska ke ratsawa, ka riƙa busa mata ƙura lokacin hunturu, domin zafin Afrilu a Kano yana kai maki 40, kuma furosesa idan ya yi zafi rage gudu yake yi.

Na biyu intanet, kuma nan ne na fi so ka nutsu. Wanda ke zaune a cikin shagonka zai shiga sabar ta wayar da ta haɗa kwamfutocinka, ko kwabo na data ba za a ci ba, kuma ba wata saba a Turai da za ta kai ta sauri. Wanda ke ɗakin kwanansa kuwa sai ya biyo ta intanet ya ƙwanƙwasa ƙofarka. Matsalar ita ce yawancin layukan waya suna haɗa dubban mutane ne a bayan adireshi ɗaya, tsarin da ake kira CGNAT, kuma Starlink ma haka yake yi a tsarinsa na gida. A irin wannan hali ko ka buɗe ƙofa a rautarka, na waje ba zai iso ba. Kafin ka yi wa kowa alkawari, ka tambayi mai ba ka intanet ko zai ba ka adireshi naka na kanka, da nawa. OpenTTD ya warware wa kansa wannan tun siga ta 12 da ta fito a 2021: yana ba da lambar gayyata, mutum ya shiga ba tare da an buɗe ƙofa ba. Sauran kuwa sai ka haɗa 'yan ƙungiyar ta manhaja irin ZeroTier ko Tailscale, masu haɗa na'urori ta intanet kamar suna wuri ɗaya, ko ka yi hayar ƙaramar saba a waje ta zama mashiga. Haya a kamfanoni irin Hetzner ko DigitalOcean da yuro ko dala ake biya, kai kuma naira kake karɓa, duk ranar da canji ya motsa ribarka ce ke raguwa.

Sai kuma haƙƙin masu wasan. OpenTTD, Freeciv, Wesnoth da Mindustry duk suna ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar amfani da manhaja da rarraba ta, ba wanda zai hana ka kafa sabarsu ka karɓi kuɗin hidima. Factorio na kamfanin Wube ne da ke Prague. Manhajar sabarsa kyauta ce, amma kowane ɗan wasa sai ya sayi nasa kwafin, dala 35 tun 2023, wanda ya fi ƙarfin aljihun yawancin ɗalibai. Na kuma tabbata wani zai zo ya ce ka kafa musu ta Clash of Clans. Ka ce a'a. Wannan wasan a sabar kamfanin Supercell kaɗai yake gudana, duk wadda ka gani a gefe ta saɓa wa ƙa'idarsu.

Ga ra'ayina a kan kasuwancin kansa, kuma ina so ka ji shi da kyau. Sabobin OpenTTD da Mindustry na kyauta suna nan birjik a intanet, ɗalibi zai iya shiga yau ba tare da ya ba kowa sisi ba. Saboda haka ba sabar za su biya ba. Abin da za su biya shi ne wuri nasu su da abokansu, inda wasan jiya yana nan yau, inda baƙo ba zai shigo ya rushe musu layin dogo ba, inda akwai mai shago da za a kai wa ƙara ya kori mai ɓarna. Idan ƙungiya uku masu mutum goma-goma suka biya naira 1,500 kowa a wata, naira 45,000 ke nan kafin ka cire wuta, data da lalacewar batir. Kuɗi ne, amma ba zai riƙe gida ba, kuma lokacin hutun zango ko yajin aikin malamai zai iya komawa sifili. Babbar ribar tana kujerun shagonka. Wasan dabara ba ya ƙarewa a minti goma kamar wasan ƙwallo, mutum yakan zauna awa uku yana gini, gobe ya dawo ya ga abin da abokin hamayya ya yi. Mindustry kuma kyauta ne a wayar Android, wanda bai samu kujera ba zai iya shiga ta wayarsa a kan Wi-Fi ɗin shago, ka sa masa farashi mai sauƙi.

Idan ka zo shirya gasa, ka kiyaye. Kowa ya zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe, wannan caca ce a wurin malamanmu, kuma a 2024 Hukumar Hisba ta rufe shagunan caca a Kano. Kyautar ta fito daga aljihun shago ko daga wani mai tallafi, kamar awannin wasa kyauta, kuma ka ji ta bakin malaminka kafin ka buga sanarwa. Ka kuma sa dokar cewa yaran makaranta ba sa zama lokacin karatu, ana dakatawa lokacin salla. Amincewar iyayen unguwa jari ce da ba ka so ka taɓa.

Abin da zan so ka yi a watan farko shi ne ka sayi kwamfuta ɗayar nan, ka kafa OpenTTD, Freeciv da Mindustry a cikin shago kawai, kyauta ga duk wanda ya biya kuɗin kujera. Ka riƙa rubuta mutum nawa suka shiga kowace da awa nawa suka yi. Wadda ba a shiga ka kashe ta, wadda ta cika ka buɗe mata ta biyu. A ƙarshen watan ka kira ɗaliban nan ka ce su kawo kuɗin wata ɗaya gaba, mutum goma aƙalla. Idan sun kawo, sannan ka sayi batir da sola, ka nemi hanyar shigowa daga waje. Kuma tun daga daren farko, ka riƙa kwafe foldar ajiya zuwa filash ko wata kwamfutar kafin ka rufe shago.