Ku Tambaya Mu Amsa: Me ya hana littafina shiga kasuwa?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga Garwa ta ƙasar Kamaru, na rubuta littafina na farko, labarin bincike ne kan wani ɗan kasuwa da aka tsinci gawarsa a bakin kogin Binuwai. Bangon ma da kaina na haɗa a waya da manhajar Canva. Yau wata biyu da bugawa ko kwafi goma ban sayar ba, alhali wlh nasan babu mai iya gano makashin kafin ƙarshe. Hassada ce ko mutanenmu ne basa karatu? Ga littafin nan na turo.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta har ƙarshe, kuma ka yi haƙuri, hassada ka barta ta huta.

Bari mu fara da bango. Hoton nan ta WhatsApp aka turo maka shi ko? Ai matse hoto yake yi, a waya sai ka ganshi tas, a takarda ya fito dishi-dishi kamar an wanke shi da ruwan kanwa, masu buga littafi 300 dpi suke nema, wato hoto mai ɗigo 300 a kowane inci. Jan da ka zaɓa ma ya koma kalar bulo, domin waya da haske take nuna kala, injin bugu kuwa tawada huɗu yake haɗawa. Sannan salon rubutun da ka ɗauka bai san ƙ da ɗ ba, sunan littafin naka akwai ɗan akwati zaune a tsakiyarsa, kai baka gani ba? Ga jini, ga wuƙa, ga mota, ga wata na haskawa, duk a bango ɗaya kamar rumfar ɗan koli.

Amma abin da ya fi bani dariya, yaron shagon da ya yi kisan shi ka ɗora a bango riƙe da wuƙa, a cikin littafin kuma ko sunansa baka ambata ba sai babin ƙarshe. To ina ƙwarewa a nan? Ba a gano shi ba ne saboda babu shi a labarin sam. Mai karatu so yake ka zuba masa alamu a hanya, ya taka su ya wuce, in ya kai ƙarshe ya dafe kai yace kash ai na gani tun shafi na ashirin.

Wani abu kuma, ina ka samo DPO a Garwa? Na finafinan Kano ne wannan, mu nan jandarma muka sani da komisariya.

Ka shigo da yaron tun babin farko, ko shayi ne ya kawo wa baƙi. Bangon ka ba wanda sana'arsa kenan, hoto ɗaya ya isa, ko takalmin mamacin a kan yashi. Kafin ka sake kashe ko sefa ɗaya, ka samu mutum uku da basa jin nauyinka, banda Inna da abokan majalisa, su karanta su faɗa maka shafin da suka fara hamma.