Hukuncin azumi ga mai ƙeƙashewar hanta da ƙwayoyin cuta suka taɓa kama shi

Tambaya: Allah Ya gafarta Malam, mahaifina yana fama da ƙeƙashewar hanta, ruwa yana taruwa a cikinsa, kuma kwanakin baya ƙwayoyin bakteriya suka shiga ruwan har aka kwantar da shi. Likita ya hana shi azumi, amma shi mahaifin nawa ya ce tun da sau ɗaya ake shan maganin a rana, zai riƙa sha bayan buɗa baki. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah Ya ba mahaifinka lafiya, Ya sa kaffara ce.

Da a ce matsalar lokacin shan magani ce kawai, da mun ce ya yi azuminsa. To amma abin ya wuce nan. Hantar da ta ƙeƙashe ba ta iya tace ƙwayoyin cutar da ke tsallakowa daga hanji, shi ya sa suke samun mazauni a ruwan ciki, kuma likitoci sun tabbatar da cewa wanda wannan ya taɓa samu, yakan sake dawo masa. Ga shi kuma irin wannan hanta ba ta ajiye sukari isasshe, ƙishirwar yini kuwa tana iya durƙusar da ƙoda, musamman ga mai shan maganin fitar da ruwa. Sau da yawa cutar da ke shiga ruwan cikin ba ta zuwa da zazzaɓi mai zafi. Sai dai a ga mutum ya fara ruɗewa, yana barci da rana, hannunsa na karkarwa.

Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame a aya ta 185 ta Suratul Baƙara, kuma malaman Malikiyya sun rarrabe: wanda ke tsoron ƙaruwar ciwo ko jinkirin warkewa, ya halatta ya sha ruwa, wanda ke tsoron halaka ko cutuwa mai tsanani, shan ruwa ya zama wajibi a kansa. Abin da ya bayyana gare ni, mahaifinka yana cikin kashi na biyu, matuƙar likitan masani ne amintacce. Ka faɗa masa cikin ladabi cewa a halinsa, ajiye azumin shi ne biyayya ga Allah.

Idan ana sa ran samun sauƙi, ko da ta hanyar dashen hanta ne, sai ya rama daga baya. Idan kuwa likita ya ce ciwon ba mai rabuwa ba ne, babu ramuwa a kansa, sai ya ciyar da miskini ɗaya mudun Annabi (SAW) a madadin kowace rana. Ciyarwar mustahabbi ce a wurin Malikiyya, wajibi ce a wurin mafi yawan malamai, kuma ina ba shi shawarar ya yi ta.

Wallahu a'alam.