Amsa: Zuwa Iskandariya mutum shi kaɗai

Malam, ka tambaya ko za ka iya zuwa Iskandariya kai kaɗai daga Alƙahira. Sosai ma. Ka hau jirgin ƙasa a tashar Ramsis, tafiyar kamar awa uku ce.

Ni dai na fi son bakin teku da yamma. Ka taka a ƙafa har ganuwar Ƙaitbai, wadda aka gina a 1477 a inda tsohuwar hasumiyar fitila mai haska wa jiragen ruwa hanya take a da, ka yi magariba a masallacin Abul Abbas al-Mursi, sannan ka nemi gasasshen kifi. Amma ka ji kuɗinsa kafin su gasa, don da awo ake sayarwa. Haka mai tasi, ku daidaita tun kafin ka shiga.

In lokacin sanyi ne, riƙe rigar ruwa.