Amsa ga mai tambaya kan aikin wakilin talabijin

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka ce kana shekarar ƙarshe a sashen koyon aikin jarida na Jami'ar Bayero, kuma kana son sanin ko aikin wakilin talabijin yana da daɗi kamar yadda ake ganinsa. Na daɗe ina wannan aiki a Arewa, saboda haka zan faɗa maka abin da idona ya gani.

Rahoton da kake kallo a labaran ƙarfe tara na dare da wuya ya wuce minti biyu, amma yakan cinye wa wakili yini guda. Za ku fita da hantsi kai da mai ɗaukar hoto, ku jira jami'in da ya ba ku ƙarfe goma amma bai iso ba sai bayan la'asar, sannan ka rubuta rahoton a kan cinyarka a bayan mota, ka naɗi muryarka, a tace hotuna, a tura wa edita kafin lokaci ya ƙure. Abokin aikinka na rediyo yana iya kammala komai ta waya, kai kuwa idan babu hoto babu labari, don haka dole ƙafarka ta taka wurin, ko ambaliya ce ko gobarar kasuwa. Ranar Sallah ma a filin Idi za ka yi ta, kyamara na gabanka, iyali na gida.

Zuwa wurin da abu ya faru shi ke kawo haɗari. Enenche Akogwu na tashar Channels an harbe shi a Kano ranar 20 ga Janairun 2012, yana kan aikin ɗauko rahoton hare-haren da aka kai birnin a ranar.

Amma abin da na ga ya fi kashe wakilai da ransu shi ne ambulan da ake miƙawa bayan taron manema labarai da sunan kuɗin mota. Albashi ba ya isa, wani lokaci ma yakan makara, shi ya sa ba na saurin zagin wanda ya karɓa. Sai dai jarin wakili shi ne mutanen da ke kiransa kafin kowa ya ji labari: ma'aikaciyar jinya, direban tasha, mai unguwa. Da zarar sun lura rahotanninsa sun koma yabon mai ba da ambulan, sai su daina kira, shi kuma ya koma karanta sanarwar gwamnati.

Shawarata ita ce ka koyi ɗaukar hoto da tacewa da hannunka, domin yanzu ana tura mutum ɗaya da wayar salula ya yi aikin mutum uku. Ka nemi gurbin sanin makamar aiki a tashar jiha irin ARTV ta Kano, inda ƙarancin ma'aikata zai sa a tura ka fili da wuri. Idan da hali daga baya, akwai Kwalejin Talabijin ta NTA a Jos.