Amsa ga 'yar Yayana mai son zuwa Amurka buga ƙwallon kwando

'Yata, na ga saƙonki, na ga na babanki, na kuma saurari muryar da mamanki ta turo mai minti 9, rabi gaisuwa rabi "Gwaggonta ki taimaka ki sama mata sikolashif tunda kin san hanya". Ke ce ta huɗu bana da aka turo min bidiyonta daga gida, to bari in amsa gaba ɗaya kowa ya ɗauki nasa, dan wallahi na gaji da maimaita magana ɗaya da tsakar dare bayan na taso daga aiki.

Na kalli bidiyon naki sau uku. Kina da tsayi, ƙafa 6 da inci 1 ba wasa ba ne, kuma kina da gudu, wannan ba koya miki aka yi ba Allah ne ya baki. Amma bidiyon minti 2 ne an yanyanka an sa masa kiɗa, sau 14 kika jefa ƙwallo a kwando duk ta shiga kuma duk da hannun dama. Koci a nan ba ya kallon irin wannan ya ba da kuɗin makaranta. Cikakken wasa yake so daga farko har ƙarshe, ya ga me kike yi in kin ɓarar, kina komawa tsaro da gudu ko tsayawa kike kina hararar alƙalin wasa, in an tare miki dama kina da hagu ko shikenan kin mutu a tsaye. 'Yan matan nan tun suna shekara 12 ko 13 suke zagaye gari gari a ƙungiyoyin AAU, wato kulob-kulob na matasa da ba na makaranta ba, a watan Yuli kociyoyin jami'a su cika gefen fili da takarda a hannu suna rubuta suna, yarinya ɗaya an kalle ta sau ashirin kafin a kira ta. Ke ba wanda zai hau jirgi ya zo Kofar Mata ya kalle ki, bidiyon shi ne ƙafarki shi ne bakinki, dan haka ki daina bari yaron da ke haɗa bidiyon biki ya haɗa miki shi.

Mutumin nan kuma da ya ce ma Yaya a ba shi kuɗi zai "haɗa ki da makaranta", kar a ba shi ko sisi. Ba a sayen sikolashif. Adireshin imel na kowane koci da mataimakansa yana shafin makarantarsu kyauta, ke da kanki za ki rubuta. In kuma ya kawo zancen a rage miki shekaru a fasfo ku rabu da shi tun da girma, hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka tana da ofishin tantancewa da sai kin yi rajista da shi, za su nemi sakamakonki na WAEC ko NECO da takardun sakandare, kuma daga shekarar da kika gama suke fara lissafi. Shekara ɗaya suke ɗaga ƙafa, in kika wuce ta kina buga gasa a gida sai su fara zabtare miki shekarun wasa, alhali dama kaka 4 ne kacal cikin shekara 5. Tun 2023 sun cire sharaɗin jarrabawar shiga jami'a ta SAT daga nasu ɓangaren, amma makaranta tana iya nema, kuma in lissafinki da Turancinki sun rame ba tsayin da zai cece ki.

Kin ce D1, matakin farko na wasannin jami'a, kike so ko ba komai. Haka nima na ce.

Matakan suna da yawa, akwai D1 mai makarantu sama da 350, akwai D2, akwai D3 wadda ba ta ba da kuɗin wasa kwata kwata, akwai NAIA, wata hukumar daban ta ƙananan jami'o'i, sai ƙananan kwalejoji na shekara biyu da muke ce ma juko. Kar ki raina juko. Evelyn Akhator daga Legas ta nan ta bi, Chipola a Fulorida, suka ci kofin ƙasa a 2015, ta wuce Kentucky, a 2017 aka ɗauke ta ta 3 a zaɓen WNBA, gasar ƙwararrun mata ta Amurka. Masai Ujiri da ya tashi a Zariya, wanda ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors a NBA, shi ma juko ya yi a Dakota ta Arewa. Ni ma a wani ɗan gari a jihar Kansas na fara, garin da shanu sun fi mutane yawa, ba masallaci ba kowa, amma ina buga kusan minti 30 a kowane wasa kuma a nan na koyi duk abin da na iya, dan kocinmu tsohuwa ce mai faɗa da ke tsayar da ni bayan an tashi, ta ɗaure min hannun dama a baya da bandeji ta ce in yi ta buga ƙwallo da hagu har sai fitilar jim ta mutu.

Da na gama makarantu biyu suka neme ni. Ɗaya ƙarama, kocin ya ce min ƙarara ba mu da doguwa, ke za ki fara wasa. Ɗayar babba, ana nuna su a talabijin, suka biya min jirgi na je ziyara, aka sa min riga mai lambata aka ɗauki hoto, ɗakin canja kaya ya fi falon gidan gwamna kyau. Na zaɓi babbar, kuma ba zan ɓoye miki ba dan babanki ya samu abin faɗa a majalisa ne, da ni kaina in ji ana cewa ƙanwar wane tana can. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kafin in sauka a watan Agusta kocin da ya ɗauke ni ya samu aiki wani wuri ya tafi, wanda ya zo ya taho da nasa yaran, ranar farko ya kalle ni ya tambayi mataimakiyarsa sunana.

Ki yi lissafin nan da kanki. Wasa minti 40 ne, yanzu kwata 4 na minti goma goma, mutum 5 a fili, kenan minti 200 ake rabawa. Ƙungiya tana iya kai mutum 15. Amma in wasa ya yi zafi koci mutum 7 ko 8 yake juyawa, biyar ɗin farko su cinye wajen 150, sauran a yi wawaso. Daga ta tara zuwa ƙasa aikinku tafi ne da miƙa tawul. Dukanku sikolashif ɗaya, takalmi ɗaya, tirenin ɗaya tun 6 na asuba, amma wasu 'yan wasa ne wasu 'yan rakiya. Wannan shi ne abin da ba wanda ya gaya min, na ɗauka in an biya maka makaranta to ana so ka yi wasa ne.

Ba zan manta wani dare ba, wasanmu ƙarfe 7 na yamma, a Kano biyun dare ta yi, Yaya ya sayi data ya tada janareto ya tara mutanen gida har da Hajiya da carbinta. Mun ba su ratar maki kusan 30. Ina zaune a ƙarshen benci kusa da kular ruwa, rigar sama ko zif ban zuge ba, duk sanda koci ya waiwayo sai in gyara zama, sai ya kira wadda ke gefena. Saura minti 1 da daƙiƙa 40 ya ce in shiga, jikina ya riga ya yi sanyi, ƙwallo ko sau ɗaya ba ta taɓa hannuna ba aka busa. Da safe Hajiya ta ce a waya, "Na gan ki kina tafi, Allah ya yi albarka." Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. A banɗakin jim na yi kukana na wanke fuska na tafi aji.

Kuma a lokacin ba fita. In ka canja makaranta sai ka zauna shekara guda ba wasa. Yanzu an buɗe ƙofa, tun 2018 akwai rajistar masu son canja makaranta da ake kira fotal, a 2021 aka yarda ka canja sau ɗaya ka ci gaba da wasa nan take, daga 2024 ma ko sau nawa ne. Za ki ce ai daɗi kenan. Ga wadda ke ciki eh, ga ke mai son shigowa ba daɗi ba ne, dan kocin da aikinsa ke rawa me zai sa ya ɗauki 'yar shekara 18 daga Kano ya yi shekara biyu yana gyara mata ƙafa, alhali ga 'yar shekara 21 da ta riga ta buga wasa 90 tana jira a fotal? Duk wanda ya ce miki "za mu gina ki" ki tambaye shi da ladabi, 'yan wasa nawa ke matsayina yanzu kuma aji nawa suke, 'yan shekarar farko na bara minti nawa suka buga, su nawa suka bar ku, kwantiraginka shekara nawa ya rage. Alƙaluman duk suna intanet, ki duba kafin ya amsa ki ga ko zai yi miki ƙarya. Sannan ki nemo wadda ta bar ƙungiyar ki yi magana da ita, ba wadda suka haɗa ki da ita ta zagaya da ke ba. Ni ginin da aka yi min shi ne in sa rigar tirenin in kwaikwayi doguwar ƙungiyar da za mu kara da ita, manyan su yi ta bangaza ta har su ƙoshi.

Zancen kuɗi, babanki ya karanta nan da kyau. Tun 1 ga Yulin 2021 'yan wasan jami'a suna iya samun kuɗi da sunansu da hotonsu, shi ne kuke gani a Instagram. Mai bizar ɗalibi ta F-1 hannunta a ɗaure yake, aikin da aka yarda mata cikin makaranta ne awa 20 a sati, tallan da abokiyar ɗakinki za ta yi ta sayi mota ke in kika yi a nan bizarki ce a kan layi. Abin da ya fi ba ni mamaki kuma haraji, kuɗin ɗaki da abinci da ke cikin sikolashif ana cire ma baƙo kashi 14 cikin ɗari, na buɗe asusuna na ga ana bina ɗaruruwan daloli na rantse kuskure ne. Tikitin zuwa gida kuwa na fi shekara uku ban gani ba. Kuma da yawa sikolashif ɗin shekara shekara ake sabuntawa, ki karanta takardar kar ki karanta fuskar koci.

Ɗankwali kam an samu sauƙi, Bilqis Abdul-Qaadir ta buga a Memphis da Indiana State da hijabinta tun kafin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ta janye haramcinta a 2017, ki dai gaya ma koci tun a wayar farko yadda za ki yi shiga, kar sai kin sauka. Azumi ne ba mai ɗauke miki, kaka tana farawa Nuwamba ta ƙare Maris, shekarun nan kuwa Ramadan yana faɗowa daidai lokacin da wasanni suka fi zafi. Dokar awa 20 ta tirenin a sati a takarda take, ba a lissafa tafiya da ɗakin magani da wanda ake ce ma "na ganin dama", wanda in ba ki ga dama ba za ki ga benci.

A shekarata ta ƙarshe, daidai na fara samun minti goma sha, na sauko daga tsalle gwiwar hagu ta yi ƙas kamar an karya kara. Jijiyar ACL, wadda mata suka fi maza tsinkawa a wasan nan. Tiyata, sanduna, wata tara ina koyon taka matakala. Makaranta ta biya aikin, wannan ba zan ci haƙƙinsu ba, amma daga ranar na zama kamar kujera a jim ɗin.

Haushin da har yau bai sake ni ba shi ne na karatu. Nas na so in karanta, mai ba mu shawara ta ce zuwa asibiti koyon aiki zai ci karo da tirenin, ta tura ni wani kwas mai sauƙi da ba ya kai mutum ko'ina, ni kuma na yi shiru dan an koya mana ba a musu da babba. Sai bayan na gama na sake komawa da kuɗin gumina da gurguwar gwiwata na yi abin da nake so. Yau shekarata 6 ina aikin nas, ni na sake rufin gidan Hajiya, ni na biya mata Makka, ba wani koci da ya ba ni wannan, dan haka in na yi miki tsawa kan kwas ki yi haƙuri ki ji.

Biza kuma a yanzu ita ce babbar katanga, a Yulin 2025 aka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata uku shiga ɗaya, a Disamba kuma aka sa Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita ma biza har da ta ɗalibai. Kar Yaya ya sayar da filin nan saboda wata takarda da koci ya turo. Kuma ba Amurka kaɗai ce hanya ba, D'Tigress, ƙungiyar mata ta Najeriya da kike alfahari da su, masu kofin Afirka biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, da suka kai kwata fainal a gasar Olympics a Faris a 2024 ƙarƙashin Rena Wakama, eh da yawansu 'yan jami'o'in nan ne, amma Murjanatu Musa daga gasar gida ta wuce Sifen da Faransa. Ki shiga ƙungiyar da ke buga gasar Zenith, wato lig ɗin mata na Najeriya, in kin samu, ki je duk sansanin horon da aka buɗe, amma ki gaya min kafin ki sa hannu ko ki karɓi albashi a ko'ina dan yana iya taɓa cancantarki a nan.

Abin da nake so kafin ƙarshen wata, cikakkun wasanni biyu da aka ɗauka daga sama ba yanka ba kiɗa, har da wanda aka ci ku, hoton sakamakonki tun daga SS1, da awon tsayinki ba takalmi, kuma ba Yaya ne zai auna ba dan na san shi da ƙari. Akwai kociyoyin juko biyu da har yanzu suke ɗaga wayata, zan tura musu, ban yi alƙawarin komai ba. Ki gaida Hajiya, ki ce ma mamanki kar ta ƙara ba kowa kilishi ya kawo min, a filin jirgi suke ƙwacewa, yajin dai a ƙaro.